Shin sabon lissafi ya kawar da ɓoyayyen makamashi?

Wata ɗaliba daga Aboabo, wadda ke shekara ta uku a karatun lissafi a jami'ar KNUST, ta turo wannan tambaya: "Malam, ana ta yaɗa labari a WhatsApp cewa masana sun fito da sabon lissafi wanda ya nuna babu wani abu wai shi ɓoyayyen makamashi, kuma Einstein ya yi kuskure a kan ƙarfin janyowa. Gaskiya ne? Sannan mu da muke nan Kumasi, akwai abin da za mu iya taɓukawa a wannan fanni, ko sai wanda ya fita waje?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ɓoyayyen makamashi, wato abin da masana ke cewa yana sa buɗewar samaniya ƙara gudu, ba a kawar da shi ba, kuma har yau babu gwajin da ya kama lissafin Einstein da kuskure. Sai dai labarin ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Akwai takardun bincike na gaske a bayansa, masu yaɗawa ne suka ƙara masa gishiri. Burina shi ne in ba ki ma'aunin da za ki riƙa auna irin wannan labari da kanki, domin duk bayan 'yan watanni sai wani sabo ya ɓullo.

Irin wannan rikici ya taɓa faruwa sau biyu a hannun mutum ɗaya, kuma ƙarshensa bai zo iri ɗaya ba. A farkon ƙarni na 19 masu nazarin taurari sun lura duniyar Yuranus ba ta bin hanyar da lissafin Newton ya shata mata. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya zauna da alƙalami ya ce dokar Newton lafiyarta ƙalau, akwai dai wata duniya da ba a gani ba tana jan Yuranus, ya kuma faɗi inda za a duba. A watan Satumba na 1846 Johann Galle ya juya madubin hangen nesa a Berlin, sai ga Naftun kusan daidai wurin. A 1859 Le Verrier ɗin nan ya gano Makyuri ma tana ɗan kaucewa, kaucewar da daga baya aka tsayar da ita a kan daƙiƙa 43 na kusurwa a kowace shekara 100, alhali daƙiƙa ɗaya kashi 1 ce cikin 3,600 na digiri. Sai ya sake ɗauko maganin da ya yi masa aiki a baya: wata ɓoyayyar duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Bulkan. Aka yi shekaru ana nema ba a gan ta ba, don babu ita. Dokar ce ke buƙatar gyara. A watan Nuwamba na 1915 Einstein ya fitar da 43 ɗin nan daga sabuwar ƙa'idarsa, bai ƙara duniya ko ɗaya ba. Bayan shekara uku da rabi, a husufin rana na 29 ga Mayu 1919, Arthur Eddington ya auna lanƙwasar hasken taurari daga tsibirin Principe, a nan tekunmu na Gini, ƙa'idar ta ƙara samun gindin zama.

Tambayar da ke gaban masana yau ita ce wannan: ɓoyayyen makamashi Naftun ne, ko Bulkan ne?

Ki fara da sanin abin da aka auna. Ƙa'idar Einstein tana da ɓangare biyu. Na hagu yana bayyana yadda sarari da lokaci suke lanƙwasa, na dama yana lissafa abin da ke cikinsu na nauyi da makamashi da matsi. Ƙa'idoji 10 ne a sarƙe da juna, kuma warware su kai tsaye ga samaniya baki ɗaya ya fi ƙarfin kowa. A 1922 Alexander Friedmann ya sauƙaƙa su da zato guda: a ɗauka cewa, in an duba da faɗi sosai, samaniya iri ɗaya ce a ko'ina kuma ta kowace fuska. Da wannan zato komai ya koma kan lamba ɗaya mai canjawa da lokaci, wadda muke rubutawa da harafin a, ita ce ke nuna yawan buɗewar sarari. Georges Lemaître a 1927 da Edwin Hubble a 1929 suka nuna lallai yana buɗewa. Daga nan kowa ya sa ran buɗewar tana rage gudu, tunda nauyi janyowa yake yi.

A 1998 ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗaya kuma ta Brian Schmidt da Adam Riess, suka auna wani nau'in fashewar tauraro da aka san ainihin ƙarfin haskensa, don haka dusashewarsa tana gaya mana nisansa. Suka tarar fashe-fashen nesa sun fi dusashewa fiye da yadda ya kamata. Wato buɗewar ƙara gudu take yi, kuma ta fara hakan kimanin shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce. Mutum ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2011. Ɓoyayyen makamashi suna ne da aka sa wa duk abin da ke jawo wannan ƙarin gudu. In an yi lissafi da ƙa'idar Einstein yadda take, shi ne kimanin kashi 68 cikin 100 na abin da ke samaniya, ɓoyayyen abu mai nauyi, wanda ba a ganinsa sai dai a ga janyowarsa, kashi 27, mu da taurari da iskar gas duka kashi 5 kacal.

A nan nake so ki ɗauko biro, domin wurin ya fi kyau a hannu. Ki ɗauki fili mai siffar akwati a sarari, ki bari kowane gefensa ya ninka biyu. Cikinsa ya ninka 8. Ƙwayoyin abu da ke ciki ba su ƙaru ba, don haka kaurinsu ya ragu sau 8. Haske ya fi haka raguwa, sau 16, saboda taguwarsa ma tana miƙewa, ƙarfinta ya ragu da rabi. Duk wannan yana shiga ƙa'ida ɗaya: kaurin abu yana tafiya da a^(−3(1+w)), inda w take nufin matsin abin idan aka raba shi da kaurin makamashinsa. Ga abu mai nauyi w = 0, ki saka ki ga 8 ta fito. Ga haske w = 1/3, 16 ta fito. Yanzu ki saka w = −1. Lambar da ke sama ta zama sifili, kaurin ba ya raguwa ko kaɗan duk yadda sarari ya buɗe. Wannan shi ne lamda, tsayayyar lambar da Einstein ya cusa a ƙa'idarsa a 1917 don wata manufa daban, ya kuma janye ta daga baya. Ƙa'idar Friedmann ta biyu ta nuna duk abin da w ɗinsa ta gaza −1/3 yana tura buɗewa gaba maimakon ya ja ta baya. Kuma ki duba ƙanƙantar abin: kaurinsa bai wuce nauyin ƙwayoyin haidurojin kamar 4 ba a cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Faɗin wurin da ya mamaye ne ya sa ya rinjayi komai.

Tsarin da ya haɗa lamda da ɓoyayyen abu mai nauyi yana da lambobi 6 kawai da ake daidaitawa, amma da su yake bayyana hasken farko da ya kuɓuta shekara 380,000 bayan fara buɗewar, da yadda gungun taurari suka bazu, da shekarun samaniya biliyan 13.8. To me ya sa ake neman sabon lissafi? Dalilai uku ne ke hana masana barci. In aka ƙiyasta makamashin fanko da ƙa'idar ƙananan ƙwayoyi ta hanya mafi sauƙi, amsar tana fin abin da aka auna da lamba mai sifili kusan 120 a bayanta. Sannan gudun buɗewar na yau: bayanan tauraron ɗan'adam na Planck sun ba da kimanin kilomita 67.4 a daƙiƙa a kowane megafasek, wato nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26, amma ƙungiyar Riess da ke aunawa daga taurarin kusa tana samun kimanin 73. An yi shekaru ana neman inda kuskuren yake, tazarar ta ƙi rufewa.

Na ukun ne ya fi sabo. A tsaunin Kitt Peak na jihar Arizona a Amurka akwai na'urar DESI, wadda ke da ƙananan hannayen inji 5,000, kowanne riƙe da zaren gilashi, kowanne yana saita kansa kan gungun taurari ɗaya ya kwaso haskensa. Abin da suke nema shi ne wata tazara ta kimanin shekarar haske miliyan 490 da taguwar sauti ta farkon zamani ta bari a yadda gungun taurari suka jeru. Tunda an san tsawonta, ana auna tarihin buɗewa da ita. A watan Maris na 2025, da bayanan gungun taurari da kwasa (wato cibiyoyin gungun taurari na nesa masu tsananin haske) fiye da miliyan 14, suka gwada barin w ta canja da lokaci ta hanyar lambobi biyu, w0 da wa. Da suka haɗa da sauran bayanai, sai alamar ta karkata ga cewa ɓoyayyen makamashi yana raguwa da ƙarfi. Ƙarfin hujjar, wanda ake aunawa da sigma (yawanta na nuna da wuya sakamakon ya zama dace ne kawai), ya kama daga sigma 2.8 zuwa 4.2, gwargwadon tarin fashewar taurarin da aka haɗa da shi. A fanninmu ba a cewa an gano abu sai an kai sigma 5. Ni a ganina wannan ne sakamakon da ya fi cancantar a sa masa ido a duk abin da ake faɗa, amma ki lura: ko ya tabbata, lamda ce za ta sha ƙasa, ƙarin gudun yana nan daram.

Masu neman mafita sun kasu. Wasu suna gyara ɓangaren dama, su ce akwai wani fili na makamashi mai canjawa sannu a hankali. Wannan hanyar Naftun ce, kuma ita ce mafi sauƙin rubutawa. Wasu kuma sun bi hanyar Bulkan, suna taɓa dokar janyowa kanta. A 1974 wani matashi, Gregory Horndeski, ya rubuta tsari mafi faɗi na yadda za a ƙara wa ƙa'idar Einstein fili guda ba tare da lissafin ya lalace ba. Kusan ba wanda ya kula, shi ma daga baya ya bar fannin ya koma zane, sai wajen 2011 aka tono takardar, ta zama rumfar da ɗaruruwan tsare-tsare suka fake a ƙarƙashinta.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk wanda ya taɓa dokar janyowa don ya gyara nesa, dole ya bar kusa yadda take, domin a kewayen rana an gwada Einstein har zuwa 'yan kashi kaɗan cikin 100,000 da kumbon Cassini, kuma agogon taurarin GPS da wayarki ke amfani da su sai an gyara masa kimanin maikurodaƙiƙa 38 kullum bisa lissafinsa. Saboda haka aka ƙirƙiro dabarun ɓuya, irin wadda Justin Khoury da Amanda Weltman, 'yar Afirka ta Kudu, suka kawo a 2004 mai suna hawainiya, inda sabon ƙarfin ke lafawa a wurin da abu ya yi kauri, ya bayyana a inda babu kowa. Sai ranar 17 ga Agusta 2017 ta zo. Taurarin nyutron biyu suka yi karo a nisan shekarar haske kimanin miliyan 130. Taguwar janyowa ta iso na'urorin LIGO da Virgo masu auna ta, wani haske mai tsananin ƙarfi da ake kira gamma ya biyo bayanta da daƙiƙa 1.7. Bayan tafiyar shekara miliyan 130, tazarar ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Duk tsarin da ya ce janyowa da haske gudunsu ya bambanta ya faɗi a ranar, kuma suna da yawa. Wasunsu an yi shekaru ana gina su da lissafi mai kyan gaske.

Ina kyautata zaton labarin da ya iso wayarki daga wani reshe na hanyar Bulkan ya fito. Einstein ya gina ƙa'idarsa a kan jometirin Riemann, wanda abokinsa Marcel Grossmann ya nuna masa. A 1918 Paul Finsler ya faɗaɗa wannan jometiri, ta yadda awon tazara zai dogara da wurin da kike da kuma fuskar da kika nufa, ta hanyar da ta fi ta Riemann 'yanci. A 2025 masu bincike a Bremen ta Jamus da Brashob ta Romaniya suka rubuta kwatankwacin ƙa'idar Friedmann a wannan jometiri, suka nuna tana iya ba da buɗewa mai ƙara gudu ko da sarari fanko ne, ba tare da an saka lamda da hannu ba. Aiki ne mai kyau, ina kuma girmama shi. Amma fitar da ƙarin gudu shi ne mataki mafi sauƙi, tsare-tsare da dama sun yi shi. Abin da ke gabansu shi ne su fitar da ƙwanƙolin da ke cikin zanen awon hasken farko a wuraren da Planck ya gan su, da tazarar miliyan 490 ɗin nan, da yawan hiliyom da aka dafa a mintocin farko, da 43 ta Makyuri, da daƙiƙa 1.7, duka a lokaci ɗaya kuma da lambobi kaɗan. Wannan ne ma'aunin da nake so ki riƙe. Duk sanda kika ga an ce an kawar da wani abu, ki tambaya wanne daga cikin waɗannan sabon tsarin ya ci.

Akwai hanya ta uku wadda ni ta fi burge ni a matsayin lissafi, ko da yake ba ita nake zaton za ta yi nasara ba. Ita ba ta ƙara abu, ba ta taɓa doka, zaton Friedmann take tuhuma. George Ellis na jami'ar Cape Town ya tayar da maganar tun shekarun 1980: samaniya cike take da dunƙule-dunƙule da manyan ramukan fanko, mu kuma muna baje su su zama sumul kafin mu sa su a ƙa'ida. Ki ɗauki Kumasi da ƙarfe biyar na yamma. In kika ƙirga dukan motocin garin, kika raba su daidai a kan dukan tituna, lissafi zai ce miki ko'ina a buɗe yake, za ki isa gida cikin minti goma. Amma motocin ba a baje suke ba, sun cushe a Kejetia da Tech Junction, kuma cunkoso ba ya ƙaruwa daidai da yawan mota, yana kaiwa wani adadi ne sai komai ya tsaya cak. Ɗaukar matsakaici kafin lissafi da yin lissafi kafin ɗaukar matsakaici ba amsa ɗaya suke bayarwa ba, in dai ƙa'idar ba miƙaƙƙiya ba ce, ta Einstein kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Thomas Buchert ya rubuta ƙa'idojin wannan matsakaici wajen 2000, David Wiltshire na jami'ar Canterbury a New Zealand kuma ya gina tsari a 2007 wanda ke cewa agogo a cikin ramukan fanko ya fi namu gudu, wannan bambanci ne muke ɗauka ƙarin gudun buɗewa. Yawancin waɗanda suka lissafa girman tasirin sun same shi ƙarami ƙwarai, bai isa ya maye gurbin kashi 68 ba. Amma tambayar halastacciya ce, kuma ta tilasta wa kowa ya duba zaton da aka saba wucewa ta kansa.

Mafi yawan sabbin dabarun lissafi a wannan fanni ma ba sa shiga labarai, domin na auna tsari da bayanai ne. Ana zuba biliyoyin ƙwayoyi a kwamfuta a bar janyowa ta yi aikinta, kamar gwajin Millennium na 2005 mai ƙwayoyi sama da biliyan 10. Tunda kowane gwaji yana cin lokaci da kuɗi, sai a yi 'yan ɗaruruwa, a koya wa na'ura ta ƙiyasta sakamakon waɗanda ba a yi ba. Sannan a yi amfani da ƙa'idar Bayes ta ƙididdiga a zagaya cikin lambobin da za su yiwu, a ga waɗanda bayanai suka yarda da su, a kuma ci tarar duk tsarin da ya ƙara lambobi ba tare da ya ƙara dacewa ba. Bayanai kuma suna tafe da yawa: kumbon Euclid na Turai ya tashi a Yulin 2023, cibiyar Vera Rubin a Chile ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025.

Game da tambayarki ta biyu, eh, akwai, kuma ba ina faɗa don in faranta miki ba ne. Wannan fanni ba ya buƙatar ki mallaki madubin hangen nesa. Bayanan Planck a buɗe suke ga kowa, DESI ma ta saki kashin farko na nata a 2025. Manhajojin CLASS da CAMB, waɗanda manyan masana ke amfani da su wajen lissafa hasken farko, kyauta ne, kuma suna tafiya a kan laftof ɗin ɗalibi. Abin da ake nema a wurinki shi ne ki riƙe darussan ƙa'idojin canji da aljabarar layi da ƙididdiga da kyau, ki nemi jometirin lanƙwasa ko da ba ya cikin darussan dole, ki kuma koyi Python har ya zama miki jiki. Ɗaliban lissafi sukan raina ƙididdiga, suna ganin ta ƙasa da sauran darussa, alhali a yau rigimar sigma 2.8 da 4.2 duk a kanta take.

Ƙofofin ma suna nan gida. Marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond, wanda ya koyar da lissafi a jami'ar da kike, yana cikin waɗanda suka tsaya har aka buɗe cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, AIMS, reshen Ghana, a 2012, kuma tana ɗaukar masu digirin farko a lissafi da kimiyya su yi digiri na biyu. A Kuntunse, kusa da Accra, an mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar sauraren taurari, aka ƙaddamar da shi a Agustan 2017. Ba don auna ɓoyayyen makamashi aka gyara shi ba, amma a nan ake horar da matasanmu, kuma shi ne ya ɗaure Ghana da babban aikin SKA na gina katafariyar na'urar sauraren taurari, wanda ƙasarmu ke cikin ƙasashen Afirka 8 masu haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a kansa. Can a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, faya-fayan MeerKAT 64 suna gwada zana taswirar haidurojin ta taguwarsa mai santimita 21, kuma wannan hanya ce ta auna tarihin buɗewar samaniya.

Ga aikin da zan ba ki kafin ƙarshen wannan zangon karatu. Ki rubuta ƙa'idar Friedmann ta farko, ki sa gudun buɗewa 70, abu mai nauyi 0.3, lamda 0.7, ki tara lokaci daga a = 0 zuwa a = 1. Layuka kaɗan ne a Python, kuma za ki samu kimanin shekara biliyan 13.5. Sai ki cire lamda, ki mayar da abu mai nauyi 1, ki sake. Za ki ga ta sauko wajen biliyan 9.3, alhali akwai taurarin da aka auna shekarunsu sun haura biliyan 12. Bayan nan ki mayar da lamda, ki sauya w daga −1 zuwa −0.9, ki duba ƙanƙantar abin da ya canja a nisan fashewar tauraro, sannan ki turo mini zanen da kika samu mu duba shi tare.